Waiwaye: Alƙali Mai Jita da Abin da Tal National Suka Koya Mini

Dare biyar a mako, awa biyar a kowane dare, ba tare da an ajiye kayan kiɗa an ce bari a sha iska ba. Haka ƴan Tal National suka kwashe shekaru suna yi a Yamai, a gidajen biki da na suna da wuraren rawa, tun kafin a san da zamansu a ƙasashen waje. Mu kuwa a Gouna, nan kudu da birnin Damagaram, ba mu san wannan lissafi ba sa'ad da kiɗansu ya fara iso mana. Abin da muka sani kawai shi ne wata jita mai siririyar murya da ke fitowa daga salular wani, ta shiga kunne ta ƙi fita. Sai da shekaru suka tura na gane cewa wannan zaƙin daga waccan wahalar ya fito.

A ƙasarmu kowane kiɗa da gidansa. Kakaki da algaita da tambari na fada ne, in aka ji su a Birni an san Sarkin Damagaram ya fito ko yana shirin fitowa. Kalangu na mahauta ne, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma, garaya ta ƴan bori. Makaɗi kuma ɗan makaɗi ne, gado ne yake ci, yadda maƙeri da majemi da wanzami suke cin nasu. Muna alfahari da Ma'azu Ɗan Alalo, babu Badamagaren da zai ji muryarsa a rediyo tsigar jikinsa ba ta tashi ba. Amma a cikin masu jin daɗin nasa da wuya ka sami mutum ɗaya da zai ɗaga hannu ya ce Allah ya sa ɗana ya zama makaɗi. Muna son kiɗa, muna raina mai yin sa. Mu yi masa liƙi da rana, in ya aiko neman aure da dare a ce sai an binciki asali.

Jita ba ta da gida a cikin wannan tsari. Ba ta fada ba ce, ba ta mahauta ba ce, babu zuriyar da za ta ce kakanta ne ya bar mata ita. Saboda haka kowa na iya ɗaukarta, ɗan malam da ɗan sarki da ɗan talaka. Saboda haka kuma manya suka fi zarginta, domin abin da ba shi da uban gida ba a san wanda za a kai wa ƙara ba in ya ɓata yaro.

Ba Tal National ne suka fara ba, kuma duk mai son su da gaske ya kamata ya san waɗanda suka share musu fage. A zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, samariya ce ke riƙe da wasanni, kowane gari da ƙungiyarsa, kuma a Damagaram aka yi bikin matasa na ƙasa na farko a 1976. A 1987 aka kafa gasar kiɗa ta Ɗan Gurmu, da sunan tsohon mawaƙin nan na Tawa, ba a jima ba kuma aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa a Yamai, wadda ke ɗauke da sunan Alhaji Taya. A wannan zamani ne Saadou Bori na Maraɗi da Moussa Poussy suka yi tashe, har suka haɗa faifan Niamey Twice a 1994. A 1995 Yacouba Moumouni mai sarewa ya kafa Mamar Kassey. A nan gida a lokacin muna da Sani Aboussa da Super Haske, waɗanda suka nuna cewa ba sai an je bakin kogin Kwara ba ake samun jita mai daɗi. Su muka tashi muna ji a Muryar Sahel, a rediyon da ake ratayewa a reshen gawo in ana noma, wanda in batirinsa ya yi sanyi sai a ciro shi a shanya a rana don ya ƙara kwana biyu.

Hamadal Issoufou Moumine, wanda kowa ya fi sani da Almeida, ya kafa Tal National a shekarar 2000, lokacin kaset na cin kasuwarsa. Kafin faifansu A-Na Waya ya game Yamai, a ƙarshen waɗancan shekaru goma, salula ta riga ta karɓe fage. A babban birni su da kansu suke tsayawa a shataletale suna sayar da faya-fayansu ga masu wucewa, domin babu wani kamfanin da zai raba musu su a ƙasa. Mu a ƙauye ta wata hanya suka zo mana. Ranar kasuwa akwai yaron da ke kafa rumfa da ɗan injin wutarsa, ya jera salula a kan tebur kowace da lambarta a manne, yana caji. A gefe yana da tsohuwar kwamfuta. Ka miƙa masa katin memori da ƴan kuɗinka ka ce ya zuba maka. Abin da ya ga dama yake zubawa: wa'azi, waƙoƙin Indiya, waƙoƙin fina-finan Kano, kokawar takobi ta bara, duk a haɗe. Wasu waƙoƙin ko suna ba su da shi, lamba ce kawai. A cikin irin wannan tarkace na fara cin karo da su, kuma an daɗe kafin wani ɗan kabu-kabu da ya yi zaman Yamai ya faɗa mana sunan masu kiɗan.

A fadarmu muke saurare, inda samari ke haɗuwa bayan isha'i a kan tabarma, ana fifita gawayi ana jiran shayi. Muryar salula ba ta da ƙarfi, sai mu jefa ta cikin kwanon sha wanda babu komai a ciki, sautin ya taru ya fito da kauri. Kafin a sauke shayin farko an fara gardama: wannan waƙar da Zabarmanci ake yin ta, a'a Fulatanci ne, kai ku saurara, ga Hausa nan ta shigo. Ba mu jin rabin abin da ake faɗa. Amma kafin shayi na uku ya zagayo, kowa yana bin karin da hanci, har da wanda ya zo yana cewa shi ba ya son kiɗan mutanen yamma.

Bari in tsaya a kan kiɗan kansa, don a nan son ya samo tushe.

Jitar gaba ba ta dogon zance. Takan ɗauko ɗan gajeren kari, ƙwaya biyar ko shida, ta maimaita shi, ta sake maimaitawa, har ka ji ka riƙe shi a ka. A daidai lokacin da ka saki jiki sai ta ɗan karkata shi, ta ɗaga ƙwaya ɗaya sama ko ta jinkirta ta, sai tsohon karin ya zama sabo ba tare da ya ɓace maka ba. Jita ta biyu ba ta bin sawun ta farko, ba ta kuma ja da ita. Wuraren da ta farko ta yi shiru, nan ita take magana. In ka kasa kunne da kyau za ka ji babu wadda ke faɗin karin gaba ɗayansa a cikin su biyun: rabi yana hannun wannan, rabi yana hannun wancan, a kunnenka ne suke haɗuwa su zama abu guda. Babbar jita mai kaurin murya tana ƙasa tana riƙe da su, ita ma ba a tsaye take wuri ɗaya ba, tana hawa tana sauka da nata ɗan karin.

Sai ganguna. Mai jerin gangunan zamani yana zuba kiɗa da sauri da yawa, har baƙo ya ɗauka rikici ne. A gefensa ga mai kalangu, ya maƙale shi a hammata, yana matse tsarkiya yana saki, muryar gangar tana tashi tana faɗuwa. Wannan kalangun shi ne ƙofar da Bahaushe ke shiga kiɗan Tal National. Ko da waƙar da wane harshe ake yin ta, da zarar kalangu ya yi magana ka san ba a bar ka a waje ba. A saman duk wannan mawaƙi yana bayarwa, ƴan amshi suna karɓa, yadda aka saba tun kaka da kakanni. Da yawa daga cikin waƙoƙin nasu ma tsofaffin waƙoƙin gargajiya ne na ƙabilun ƙasar nan, suka ɗauko suka sake musu tsari.

Abin da ya fi burge ni shi ne duk wannan sauri da cunkoso ba ya kashe daɗin karin. Yarinya mai tallar ƙosai za ta iya rera shi tana tafiya, amma ƙwararren makaɗi sai ya yi gumi kafin ya kaɗa shi daidai. Samun waɗannan biyun a waƙa ɗaya ba ƙaramin aiki ba ne. Akwai masu kiɗan gwaninta da ba ya zama a zuciya, akwai masu kiɗa mai daɗi wanda in ka ji shi sau uku ya ƙare maka. Na ɗauki shekaru ina jin waƙar Sarkin Fada, ta cikin faifan Kaani, kuma har yau nakan tsinci wani ɗan lungu a cikinta inda jita ta biyu ta yi wani abu da ban taɓa lura da shi ba.

Wani dare kawuna, malami ne mai almajirai, ya biyo ta fadarmu zai je gida. Muka miƙe muka gaishe shi, wani ya yi wuf zai kashe salula, bai kai ga kashewa ba. Kawu ya tsaya ya ɗan saurara.

Ya ce, "Kai ɗan nan, waɗanne maroƙa ne kuma waɗannan?"

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, mutanen Yamai ne. Shugabansu ma alƙali ne."

"Alƙali? Na kotu?"

"Na kotu, Kawu. Da rana yana shari'a, da dare yana kiɗa."

Ya yi shiru yana jan carbi. Can ya ce, "To, ba yunwa ce ta kai shi ba ke nan." Ya yi mana sai da safe ya wuce.

Gaskiya na faɗa masa. Almeida ya yi aikin shari'a a Yamai, ya buga ƙwallon ƙafa a ƙuruciyarsa, ya kuma yi wa gidan marayu na SOS hidima. Kawu bai koma mai son jita ba, kuma ban taɓa sa ran haka ba. Yana da hujjojinsa na addini a kan kiɗa, wannan fage ne na malamai, ba ni da ƙafar shiga. Amma maganar tasa ta buɗe mini ido a kan wani abu dabam. A tunaninmu na gado, kiɗa da roƙo tare suke tafiya: mutum ba ya ɗaukar ganga sai don ya wasa wani a ba shi. Ga mutumin da ke da albashi da kujera da mutunci, wanda ake miƙe wa in ya shigo, ya rataya jita don yana ganin aiki ne da ya cancanci a yi shi da kyau. Daga ranar ban sake jin Kawu ya kira su maroƙa ba. In zancen ya taso sai ya ce "mutanen alƙalin nan".

Na gan su da idona a Yamai, a wani biki da abokina ya ja ni. Wanda ya san hanyar nan ta kusan kilomita 900 daga Damagaram ya san yadda ake isa, ƙafa a kumbure, baya a sanƙare. Amma da na ji an taɓa jita a farfajiyar gidan, gajiya ta bi iska. Mutum shida ne a gaba suna kiɗa, wasu kuma suna zaune a gefe a kan kujerun roba, kai ka ce ƴan kallo ne. Ashe duk ƴan ƙungiya ne. Sun kai goma sha uku, suna karɓa-karɓa, kuma in buƙata ta taso sukan rabu biyu su yi wasa a wuri biyu a dare ɗaya, kowane ɓangare da sunan Tal National.

Abin da na gani a daren nan har gobe yana idona. Ana tsakiyar waƙa, kiɗa ya yi zafi, mata sun cika fili, sai wani daga cikin na zaune ya taso ya tsaya a bayan mai ganguna. Ya ɗan jima yana gyaɗa kai yana auna kiɗan. Sai na zaunen ya zame ta hagu, na tsayen ya zauna ta dama, sanduna suka sauya hannu. Ko bugu ɗaya bai faɗi ƙasa ba. Masu rawa ba su ma san an yi ba. Wanda ya tashi ya je ya kwankwaɗi ruwa, ya matse rigarsa, gumi na zuba. Can an jima tsarkiyar jitar gaba ta tsinke. Mai jita ta biyu ya ɗauki karin ya ci gaba da shi, shi kuwa mai tsinkakkiyar ya durƙusa a gefe ya zaro wata daga aljihun jaka, ya ɗaura, ya kanga kunnensa a jikin jitar yana murɗawa har ta daidaita, sannan ya dawo ya shiga wurin da ɗan'uwansa ya bar masa. Mawaƙin da ya gama bayarwa kuma ya ja da baya ya shiga sahun ƴan amshi, wani ya fito.

Ni ɗan manoma ne, nan take na gane abin da nake kallo. Gayya ce. A gonar gayya kowa da kunyarsa, ana tafiya a jere, ganga na bi a baya. Wanda ya riga kai gefe ba ya zama ya jira a yaba masa, juyowa yake ya tari wanda aka bari. In wani ya gaji ya miƙa hauya, wani ya karɓa. Da yamma ba a cewa wane ya nome gonar, cewa ake an gama gonar wane. Awa biyar ba hutu ba aikin gwarzo ɗaya ba ne, kuma da a kan mutum ɗaya aka gina ƙungiyar da tuni ta durƙushe ranar da ya kwanta ciwo ko ya yi fushi. Kujerar ce ke dawwama, masu zama a kanta suna sauyawa. Zaƙin da na daɗe ina ji a cikin kwanon sha, na jita biyu da ke bar wa juna wuri, ashe ba dabarar kiɗa kaɗai ba ce. Haka mutanen suke zaune da juna.

Wannan yana da nauyi na musamman a ƙasa irin tamu. A cikin ƙungiyar akwai Zabarmawa da Hausawa da Fulani da Abzinawa, kowa kuma ana yin waƙa da harshensa da karin garinsu. Wanda ya rayu a shekarun tawayen arewa, wanda aka rufe da yarjejeniyar 24 ga Afrilun 1995 sannan ya sake tashi daga 2007 zuwa 2009, ya san ba kullum ne wannan zama yake da sauƙi ba. Mu ma a Damagaram muna da namu tsohon ƙorafi, tun da aka ɗauke babban birni daga hannunmu aka kai Yamai a 1926, kuma akwai gidajen da har yau in an ce abu daga yamma ya zo sai an ɗan yamutsa fuska. Muna da wasan taubasantaka, Barebari da Fulani, Zabarmawa da Abzinawa, wanda UNESCO ta sa cikin gadon duniya a 2014, kuma yana kashe wuta da yawa. Sai dai wasan taubasai da baki ake yin sa, a yi dariya a watse. Kiɗa tare ya fi haka wuya. Dole ka saurari ɗan'uwanka dare biyar a mako, ka san inda zai numfasa, ka yarda ya ja gaba a waƙar garinsu kai kana amshi da harshen da ba naka ba. Ban taɓa jin jawabin haɗin kan ƙasa da ya shige ni kamar yadda ganin wannan ya shige ni ba.

Duniya ta zo ta same su a inda suke. Wani injiniyan sauti daga Chicago, Jamie Carter, ya riƙa zuwa Yamai da kayan aikinsa yana ɗaukar su a gida, cikin ƙura da zafi da kayan kiɗan da suka sha jiki. Kamfanin FatCat na Ingila ya fitar da Kaani a 2013, a shekarar kuma suka je Amurka wasa. Zoy Zoy ya biyo baya a 2015, Tantabara a 2018, wanda Zara Moussa ta sa murya a ciki. In za a bar ni in zaɓa, Kaani zan ɗauka. A nan jita ta fi samun sarari, kari ya fi fitowa fili. Tantabara ya fi zafi da gudu, yana da wuraren da nake ji saurin ya kusa danne daɗin, ko da yake waƙar Duniya tana cikinsa, kuma ba na gajiya da ita.

A waje an fi sanin Nijar da jitar Abzinawa, kuma sun cancanta. Bombino na Agadas ya kai har takarar Grammy da faifansa Deran na 2018. Mdou Moctar, wanda ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a Sakkwato a 2008, ta katin memori sunansa ya fara yawo, yadda Tal National suka iso Gouna, yau kuwa manyan dandamalin duniya yake hawa. Ina jin su, ina alfahari da su. Amma kasuwar waje gwarzo ɗaya take so, mai rawani da jita, wanda za a sa hotonsa a bangon faifai a kira sunansa. Ƙungiyar da fuskokinta ke sauyawa daga wannan dare zuwa wancan tana da wuyar tallatawa. Abin da ya rage musu kasuwa a can shi ne ainihin abin da ya sa na fi son su.

Yanzu in ka zaga bukukuwa a Gouna ko Mirya ko cikin Damagaram, abin da za ka fi gani shi ne yaro ɗaya da kwamfuta da manyan lasifika biyu. Waƙoƙin da yake sakawa ma yawancinsu mutum ɗaya ne ya haɗa kiɗansu a ɗaki, da fiyano da na'urar gyaran murya. Ba na zagin wannan. Umar M. Shareef da Hamisu Breaker suna da waƙoƙin da suka shiga zuciyar mutane da gaskiya, kuma uban amarya da ya sayar da buhun gero don ya yi biki ba zai iya ciyar da makaɗa goma sha uku ba. Lissafi ne mai sauƙi. Amma akwai abin da ke salwanta a cikin lissafin. Kwamfuta ba ta gajiya balle wani ya karɓe ta, tsarkiyarta ba ta tsinkewa balle wani ya rufa mata asiri. Yaron da ya koyi haɗa kiɗa shi kaɗai zai iya zama gwani ba tare da ya taɓa koyon jiran wani ba.

Kuma ƙungiya ba ta rayuwa da yabo. Waƙar da aka tura daga salula zuwa salula ba ta sayen tsarkiya, ba ta gyara lasifika, ba ta biyan kuɗin motar da za ta kwashi kaya. Akwai ofishin kare haƙƙin masu fasaha a ƙasar nan, amma hannunsa bai kai rumfar mai caji a kasuwar ƙauye ba. Abin da ya riƙe Tal National shi ne mutanen Yamai sun ci gaba da kiran su biki suna biya, mako bayan mako, har kiɗan ya nuna. Garin da ke son irin wannan kiɗa dole ya ciyar da shi tun yana ɗanye, lokacin da yaran ke kuskure, jita na kuka, maƙwabta na ƙorafi. Masu hali a Damagaram da ke kashe dukiya a kan kujeru da rumfuna da ɗinkin anko za su iya ware wani abu su kira ƙungiyar garinsu. Gidajen matasa da ke kulle rabin mako za su iya ba da ɗaki ɗaya da wuta. Iyaye kuma, ko ba su sa albarka ba, su daina ɗaukar yaron da ya riƙe jita a matsayin wanda ya lalace. A duba sallarsa da karatunsa da gonarsa, in waɗannan suna nan a bar shi.

Ɗan yayata na cikin irin waɗannan yara. Da gwangwanin mai da wayar birkin keke ya fara, ya ƙera abinsa a bayan ɗaki, yadda Mdou Moctar ma ya fara da wayar keke. Uwarsa ta kawo mini ƙara tana cewa, "Kai yake ji wa magana, ka raba shi da wannan abu." Na ce mata, "Yaya, bari in ga abin da yake yi tukuna." Na tarar su huɗu ne. Yanzu sun yi karo-karo daga kuɗin aikin rani sun sayo tsohuwar jita guda ɗaya daga Kano, kuma in tsarkiya ta tsinke sai an jira mai shiga birni. Jita ɗaya, yara huɗu: dole ake karɓa-karɓa, mai jira yana buga jarka ko yana amshi. Na kunna musu Kaani daga farko har ƙarshe, na ce kada su bi jitar gaba, su nemi ta biyun su ji inda take shiga. Sai da aka maimaita waƙa ɗaya sau da yawa kafin ƙaraminsu ya daka tsalle ya ce, "Kawu, na ji ta! Ashe ba tare suke bugawa ba!"

Abin da suka rasa yanzu shi ne mai kalangu. Akwai wani yaro a gidan makaɗan mahauta, hannunsa yana da kyau ƙwarai, kuma yana so. Ubansa ne bai saki ba, domin a wurinsa kalangu na sana'a ne da gado, bai ga abin da zai haɗa shi da jitar ƴan makaranta ba. Bai dai ce a'a ba. Ya ce su dawo bayan kaka in an gama ɗaurin gero, kuma su zo da babba. Ni suka wakilta in raka su, na kuwa amsa.